Yadda Ɗaliban Okupeshonal Terafi Za Su Gudanar da Aikin Cikin Unguwa a Jos

Da zarar zangon karatu ya doshi ƙarshe sai saƙonni su yi ta shigowa daga ɗaliban okupeshonal terafi, masu koyon yadda ake mayar da majinyaci ko mai buƙata ta musamman kan harkokinsa na yau da kullum. Tambayar kusan iri ɗaya ce: an ce mu shiga cikin jama'a mu yi aiki mu kawo rahoto, ta ina za mu fara? Ga amsar daki-daki. Na ɗauki Jos a matsayin filin aikin, garin da ya tara Birom da Afizere da Anaguta da Hausawa da Fulani da Angas da Ibo da Yarabawa, Musulmi da Kirista, ga duwatsu ga sanyi. Na ƙaddara ku huɗu ne zuwa shida, kuna da mako takwas zuwa goma, kuma akwai malami mai rajista da MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya, da ke sa ido a kanku.

Tun kafin a yi nisa, ku cire taro daga ranku. Kafa rumfa, hayar lasifika, lacca ta awa biyu, rabon sabulu da ɗaukar hoto, duk wannan kowa ma zai iya. Abin da ake nema daga gare ku shi ne a samu wanda jiya sai an ciccibe shi zuwa bayan gida, yau ya je da kansa, kuma bayan kun koma makaranta a samu wanda zai ci gaba da lura da shi.

1. Ku matse batun

"Taimakon masu buƙata ta musamman a Jos ta Arewa" ba batu ba ne, buri ne. Ku zaɓi rukuni ɗaya, a unguwa ɗaya, da buƙata ɗaya ko biyu. Misali, masu shanyewar ɓarin jiki da aka sallamo daga asibiti suna zaune a gida a Anguwan Rogo, a kan wanka da bayan gida. Ko iyayen yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu tun haihuwa, sakamakon doguwar naƙuda ko shawarar jarirai, a Tudun Wada, a kan zaunar da yaro da ciyar da shi. Ko tsofaffin da ke yawan faɗuwa a gidajen kan dutse. Ko matan da aka yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Jankwano, a kan komawa sana'a.

Jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 sun kasa irin wannan aiki gida biyar: lafiya, ilimi, hanyar samun abinci, zamantakewa da ƙarfafa mutane su tsaya wa kansu. Ku faɗi a rubuce wanne kuka kama. Gida takwas zuwa goma sha biyu sun ishe ku.

Gargaɗi: a wannan mataki jerin batutuwa biyu ko uku za ku yi, kada ku rufe ƙofa. Mutanen unguwa ne za su nuna muku wanda ya fi ci musu tuwo a ƙwarya.

2. Takardu kafin takalmi

Ku karɓi wasiƙar gabatarwa daga sashenku, mai ɗauke da sunayenku da na malamin da ke duba ku da ranakun farawa da gamawa. Ku kai kwafi sashen lafiya na ƙaramar hukumar da za ku yi aiki, Jos ta Arewa ko Jos ta Kudu, da kuma ƙaramin asibitin unguwar. Idan kuna da niyyar wallafa sakamakon ko yin amfani da shi a kundin kammala karatu, sai kun sami amincewar kwamitin da ke duba ladubban bincike, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH. Wannan yakan ɗauki makonni, kuma ba a bayar da shi a kan bayanan da aka riga aka tattara. Ku nema tun a makon farko.

Ku rubuta takardar yarda da Hausa da Turanci, shafi ɗaya: su wa ku, me za ku yi, me ba za ku yi ba, da cewa mutum na iya janyewa duk lokacin da ya ga dama ba tare da ya rasa komai ba. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa a gaban shaida ya dangwala. Yaro kuwa uwa ko uba ne za su sa hannu, amma shi ma a tambaye shi idan yana da wayon amsawa.

Gargaɗi: yardar a duba mutum daban, yardar a ɗauki hotonsa daban. Bayanan lafiyar mutum suna cikin waɗanda dokar kare bayanai ta 2023 ta tsaurara a kansu. Kada fuskar majinyaci ta hau Facebook ko WhatsApp da sunan nuna aikin alheri.

3. Shiga unguwa

Nan ne yawancin ayyukan ɗalibai ke gyaruwa ko su lalace. Ku fara da shugaban ƙaramin asibitin unguwa da ma'aikatan lafiyarsa masu zaga gidaje, domin sun san gidan da aka ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki. Daga nan sai mai unguwa, sannan limami da fasto, da shugabar mata, da shugaban matasa. Kada ku manta da shugabannin masu buƙata ta musamman ɗin kansu: a unguwannin Hausawa akwai sarkin makafi da sarkin guragu, akwai kuma reshen jiha na JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman ta Filato. Shiga harkarsu ba tare da an gaishe su ba raini ne, kuma sukan ji.

A gaban mai unguwa mutum ɗaya ne zai yi magana, bayan an gaisa a tsanake. Kamar haka ya isa: "Ranka ya daɗe, mu ɗalibai ne, ba likitoci ba. Ba mu zo da magani ko kuɗi ba. Za mu riƙa zuwa sau biyu a mako har tsawon wata biyu, mu duba yadda marasa lafiyar da ke kwance a gida za su iya yi wa kansu wasu abubuwa. Muna roƙon a haɗa mu da wanda zai riƙa yi mana jagora."

Wannan jimla ta "ba mu zo da kuɗi ba" ku maimaita ta a kowane gida. Mutane sun saba da masu zuwa rubuta sunaye, kuma duk wanda aka rubuta sunansa yana sa ran tallafi.

Sai maganar da ba a so a faɗa amma dole. Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, zaman Jos ya rabu, unguwanni da dama sun koma na masu addini ɗaya. Ɗalibin da ya taso a Bukur ko Dadin Kowa zai iya jin ɗar-ɗar ya shiga Gangare, haka na Rikkos idan an ce ya nufi wata unguwar. Ku tattauna wannan a tsakaninku ƙeƙe-da-ƙeƙe. Ku riƙa tafiya biyu-biyu, mace da namiji, in da hali Musulmi da Kirista, tare da ɗan jagoran da unguwa ta ba ku. Ku sa rigar aiki da katin shaida, ku bar unguwar kafin la'asar ta yi sanyi. Ranar da gari ya ɗau zafi ko aka sa dokar hana fita, a fasa, babu makin da ya kai rai. Ku kauce wa Juma'a da rana da Lahadi da safe.

A gidan da aka rubuta "ba shiga", ɗaliba ce za ta shiga, bayan an nemi izinin maigida. Hausa za ta kai ku kusan ko'ina a Jos, amma tsohuwa 'yar Birom ko Afizere za ta fi sakin jiki da harshenta, don haka ku nemi mai fassara babba. Kada a sa jika ɗan shekara goma ya fassara wa kakarsa maganar fitsari da bayan gida.

4. Tantancewa

Don gano masu buƙata, tambayoyi shida na Rukunin Washinton, masu tsara yadda ake ƙididdigar masu buƙata ta musamman, sun wadatar: gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tunawa ko tattara hankali, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, da iya fahimtar juna a magana. Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai 'yar wahala, akwai wahala sosai, ba na iyawa sam. Amfaninsu shi ne ba ku tambayi kowa "akwai naƙasasshe a gidan nan?" ba, tambayar da amsarta kullum a'a ce.

Wanda kuka zaɓa, ku zauna da shi minti arba'in zuwa awa ɗaya. Ga manya masu shanyewar ɓarin jiki, ma'aunin Barthel na duba ayyuka goma, maki daga 0 zuwa 100. Amma wanda ya fi dacewa da fanninku shi ne ma'aunin COPM na Kanada, idan sashenku na da takardunsa: mutum ne da kansa zai ambaci ayyukan da suka fi damunsa, har biyar, ya ba kansa maki daga 1 zuwa 10 kan yadda yake iyawa da yadda ya gamsu. Wanda lissafin bai zauna masa ba, ku zube masa ƙwayar wake goma ya ware.

Kada ku ce "mene ne matsalarka?", domin za a ce muku hawan jini ne, ko rashin kuɗi. Ku ce: "Baba, daga asuba zuwa kwanciya, ba ni labarin yininka. Wane abu ne da kake yi da, yanzu sai an yi maka, kuma ya fi tsaya maka a rai?" A nan za ku ji alwala, za ku ji zuwa coci, za ku ji ɗaura zani, tuƙa tuwo, zama a shago.

Sannan ku ce a nuna muku. Ku ga yadda yake tashi daga katifa, ku bi shi har ƙofar bayan gida, ku auna dokin ƙofa da faɗinta da tef.

Gargaɗi: masu jinya kan amsa a madadin majinyaci, musamman idan bakinsa ya yi nauyi. Ku fuskance shi, ku ba shi lokaci. Nauyin baki ba rashin hankali ba ne.

5. Abin da ya fi ƙarfinku

Kafin ku taɓa kowa, ku amince da malaminku kan abin da za a tura asibiti. Baki ya karkace yanzu-yanzu, hannu ya saki, magana ta sarƙe: a tafi nan take, ba gobe ba. Haka gyambon kwanciya mai zurfi ko mai wari, yawan shaƙewa wajen cin abinci, farfaɗiyar da ba a shan maganinta, yaron da ya rame ƙwarai, da wanda ke cewa gara ya mutu. Akwai JUTH a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano. Ku rubuta takardar turawa, ku riƙe kwafi, ku kira bayan kwana biyu ku ji ko an je. Ba ku rubuta magani, ba ku sauya wanda likita ya rubuta.

6. Kuɗi da kayan aiki

A jakar kowane rukuni a samu tef ɗin awo, safar hannu, sabulu ko man tsaftace hannu, almakashi, littafin rubutu, takardun yarda, da na'urar awon jini idan an koya muku. Kayan ƙira kuwa na gida ne: katako da falanki daga kasuwar Katako, soso, leda mai kauri, tsohon tiyo, robar cikin taya, gam, ƙusa, da maɗaurin manne irin na takalmin yara.

Kuɗin mota ne ke cinye kasafi, kuma shi ɗalibai suka fi mantawa. A ƙaddara Keke zuwa da dawowa naira 1,000 ne ga mutum ɗaya. Ku biyar, sau biyu a mako, mako takwas, tafiya 80 ke nan, naira 80,000, ba a sayi ko ƙusa ba. Ku sa farashin ranar da kuke lissafi a madadin nawa. Bayan shi sai ladan kafinta da mai walda, buga takardu, katin waya, da ɗan abin hasafi ga jagora da mai fassara, wanda ya kamata a yanka tun farko don kada a yi rigima a ƙarshe. Ku ji farashi a wuri uku, ku ƙara kashi 15 cikin 100 saboda tashin kaya. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, wani daban ya riƙe rasit.

Ra'ayina shi ne kada a kashe ko sisi a kan riguna masu tambari da allon sanarwa. Kuɗin riga biyar ya yi kujerar bayan gida.

7. Aikin kansa

Kowane gida a rubuta masa buri ɗaya ko biyu da za a iya gani da ido: "Nan da mako huɗu Mama za ta ci abinci da kanta a zaune." Malaminku ya gani ya amince kafin a fara. Ga waɗanda za ku fi cin karo da su.

Bayan gida. Yawancin gidaje na tsuguno ne, mai shanyewar ɓarin jiki kuwa ba ya iya tsugunawa. A ƙera kujerar katako ko ta ƙarfe mai rami a tsakiya da madafa a gefe, tsayinta daidai yadda tafin ƙafarsa zai taka ƙasa sosai, wajen santimita 45 ga babba. A ɗora ta kan masai, ko a sa bokiti a ƙarƙashi da dare. Gargaɗi: mutane kan fasa kujerar roba ta biki su yi amfani da ita. Da an yanke tsakiyarta ƙarfinta ya ragu, kuma ƙafafunta na santsi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Hannun dama da na hagu. Wannan ba ya cikin littattafan da aka rubuta a Amurka ko Ingila, amma a nan babban al'amari ne. Wanda damansa ya shanye zai iya ƙin ci da hagu, ya zaɓi a ba shi a baki. Wanda hagunsa ya shanye kuma tsarki ne zai gagare shi. Kada ku yi masa fatawa, kada kuma ku ce camfi ne. Ku roƙi limamin da ya yarda da shi ya zo ya yi masa bayanin sauƙin da addini ya yi wa mai lalura, har da taimama da salla a zaune. Naku shi ne dabarar: kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi don alwala, buta ƙarama da ba a cika ta ba, cokalin da aka kaurara mariƙinsa da soso ko tiyo, kwano mai zurfi da aka ɗora kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame.

Sa tufafi. Hannun da ya shanye shi ake fara sawa, shi ake cirewa a ƙarshe. Zani a ɗinka masa igiya ko roba, wando a sa masa roba a madadin tazuge. Gargaɗi: kada a taɓa jan majinyaci ta hannun da ya shanye wajen tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa ta bar shi da ciwo mai daɗewa.

Yaron da ba ya iya zama. Kujerar kusurwa ta falanki mai ɗan teburi a gaba na sauya yininsa gaba ɗaya, ya tashi daga kallon rufi ya koma kallon mutane. A auna daga bayan ɗuwawu zuwa bayan gwiwa a rage faɗin yatsa biyu, sannan daga bayan gwiwa zuwa diddige, yadda kwankwaso da gwiwa da idon sawu za su lanƙwashe daidai, ƙafa ta samu abin takawa. Ku je wurin kafinta da kanku da zane, ku dawo da yaron a gwada kafin a lulluɓe da soso. A fara da minti goma zuwa sha biyar, a duba fata ko ta yi ja. Wajen ciyarwa, a zaune, kai a ɗan sunkuye, loma ƙarama. Ɗure da yaro a kwance na iya tura abinci cikin huhu.

Gangaren shiga gida. Ƙa'ida ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo. Dokin ƙofa mai santimita 30 na buƙatar gangare mai mita 3.6. A lungunan Jos masu duwatsu sau da yawa babu wannan fili, kuma gajeren gangare mai tsini ya fi matakala haɗari. In haka ne a sa ƙarfen dafawa, ko a roƙi iyali su dawo da majinyaci ɗakin da ya fi kusa da ƙofa. Idan kuma ginin gwamnati ne, kamar makaranta ko asibiti, ku tuna wa masu shi da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce.

Sanyi. A Disamba da Janairu ana kwana da kaskon gawayi ana wanka da tafasasshen ruwa. Wanda ba ya jin taɓi a ƙafa ko hannu, saboda ciwon suga ko kuturta ko raunin laka, zai ƙone bai sani ba. A riƙa gwada ruwa da lafiyayyen hannu, a nisanta kasko, kuma kada a rufe ɗaki ruf da gawayi a ciki.

Gargaɗi na gaba ɗaya: takalmin gyaran hannu ko ƙafa ba a yin sa sai malami na tsaye. Wanda aka yi ba daidai ba gyambo yake haifarwa.

8. Masu jinya

Duk abin da kuka yi, ku nuna, mai jinya ta yi a gabanku, ku gyara, ta sake. Na ce "ta" domin kusan kullum mace ce, uwa ko mata ko 'ya, wani lokaci yarinyar da aka cire daga makaranta. Ku koya wa mutum biyu a kowane gida, ɗaya namiji in zai yiwu. Juya wanda ke kwance duk bayan awa biyu, ɗaga shi ba tare da an karya baya ba, da barinsa ya yi abin da zai iya ko da zai ɓata lokaci. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, domin a wurinmu barin dattijo yana fama da maɓallin riga kamar rashin tarbiyya ne. Sai kun yi bayani da lallashi. Ku bar musu zane a manne a bango, kuma ku tambaye ta ita ma yaya bayanta, yaya barcinta.

9. Sake awo, miƙa aiki, rahoto

A mako na biyun ƙarshe ku maimaita ma'aunin da kuka fara da shi, da tambayoyi iri ɗaya. A COPM, ƙarin maki 2 ko fiye shi ake ɗauka canji na gaske. Wanda bai samu ci gaba ba ku rubuta haka tare da dalilin da kuke zato. Malamin da ya san aiki zai fi zargin rahoton da kowa ya warke a cikinsa.

Ku sanar da ranar tafiyarku mako biyu kafin ta zo. Ku zauna da ma'aikacin lafiyar unguwa ku bi gidajen ɗaya bayan ɗaya: me aka yi, me ya rage, wa aka tura asibiti. Ku bar wa kafinta zane da awo domin wani gidan ya iya zuwa ya yi oda, ku gaya wa iyayen yara cewa kujerar za ta yi kaɗan yayin da yaro ke girma, a sake awo bayan wata shida. Ku koma wurin mai unguwa da limami da fasto ku yi godiya, ku ba su taƙaitaccen bayani da Hausa, shafi ɗaya, babu sunan kowa.

A rahoton makaranta ku yi amfani da lamba a madadin suna, ku sa makin farko da na ƙarshe a jadawali ɗaya, da kuɗin da aka kashe a kan kowane kaya, da matsalolin da kuka gamu da su. Takardun yarda da duk abin da ke ɗauke da suna ku miƙa wa malaminku ya kulle a sashe, sannan kowa ya goge hotuna da lambobin majinyata daga wayarsa. Kwafi ɗaya na rahoton, tare da sunan ɗan jagora da na kafinta idan sun yarda, a ajiye wa rukunin da za a turo unguwar baɗi.